Inuwar Giginya



'Yan uwa maza da mata na Kumasi da Tamale da sauran zangunanmu, da waɗanda neman abinci ya kai ƙetare, yau ba tarihin sarauta ko na malaman da suka gabata na zo muku da shi ba kamar yadda na saba. Laifin kaina na zo in karanta a gabanku. Na daɗe ina jinkirin rubuta shi, domin ɗan Adam ya fi son ba da labarin inda aka yabe shi, amma na lura abin da ya same ni yana zagaya gidaje da yawa, kowa yana rufe nasa. Na nemi izinin wadda abin ya shafa, ta ce in rubuta, da sharaɗin kada in ambaci sunanta, kada kuma in gyara labarin don in wanke kaina.

Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe wa Maigida alƙalami. Wanda ya san aikin magatakardan dattijon unguwa ya san rubuta wasiƙa shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsa. Akwai wani babban littafi mai baƙin bango da nake ajiyewa a zauren Maigida, a ciki nake rubuta duk hidimar da aka kawo mana goronta: suna, ɗaurin aure, walimar sauka, addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, rakiyar alhazai da taryarsu, zaman sulhu. Ranar Alhamis bayan la'asar nakan karanta masa, shi kuma ya raba: nan zai je da kansa, nan zai tura wakili, nan za a kai gaisuwa kawai. Tun da ƙafafunsa suka yi nauyi, wakilin nan yawanci ni ne. Asabar da Lahadi kuwa kun san yadda suke a zongo. Nakan fita bayan asuba zuwa suna a Aboabo, hantsi ya same ni wajen ɗaurin aure a Asawase, azahar ina bin gawa zuwa Tafo, ba na komawa gida sai bayan isha'i, rigata tana ƙanshin turaren gida biyar. Har aka yi mini shaida a gari cewa Malam mutum ne mai zumunci, ba a rasa shi a hidimar kowa. Na ji daɗin shaidar nan ƙwarai, na kuma gaskata ta.

Ina da yaya mace guda ɗaya, ciki ɗaya muka fito, tana zaune a Salaga inda aure ya kai ta. Ta girme ni da shekara goma sha biyu. Inna ta rasu ina ɗan shekara huɗu, don haka ban tuna wani baya da na hau ba sai na Yaya. Ita ta riƙe hannuna ranar da aka kai ni makarantar allo, ita take ɗora tukunyar koko tun kafin kiran sallah, ta soya ƙosai a bakin titi, a cikin ribar take cire kuɗin Laraba na malaminmu. Bayan ta yi aure ta tafi arewa ba ta daina ba. Duk direban da ta sani zai zo Kumasi sai ta ƙulle 'yan kuɗi a ƙyalle ta ba shi ya kawo mini. Da su na sayi Ahalari da Ishmawi da Iziyya, da su na sayi Risala. In yau ana kirana Malam a zaure, to da hayaƙin murhunta aka saya mini sunan.

Shekara uku da suka wuce aka sa ranar auren autarta, wadda ta ci sunan Inna. Mahaifin yarinyar ya rasu tun tana firamare. Kamar yadda aka saba a yawancin zangunanmu, an shirya a yi mata walimar saukar Alƙur'ani kafin a ɗaura aure, ta zauna gaban malamai da allonta mai zayyana, a biya mata Fatiha da farkon Baƙara tana maimaitawa. Tun da sauran wata uku Yaya ta kira ni, bayan gaisuwa ta ce, "Kai za ka biya mata allon. Na roƙi malaminsu, ya yarda ya bar maka." Na ce mata in sha Allahu ko da rarrafe zan zo. Muka yi dariya, muka ajiye waya.

Ban rubuta ranar a baƙin littafi ba. A ganina abin gida ba ya bukatar rubutu, ai yana cikin zuciya. Ana nan sai wata rigimar gado da ta daɗe a gaban Maigida ta kai matakin da magada suka yarda su zauna, ɗayansu har daga Jamus zai taso. Aka ce in duba rana. Na buɗe littafi, na ga wata Asabar a cikin Sha'aban shafinta fari fat, na ba su ita da hannuna. Sai ana saura kwana biyar uwargidana ta tambaye ni wace rigar za ta goge mini ta tafiya Salaga, a nan na gane abin da na aikata.

Da na je na faɗa wa Maigida a ranar, da an sami mafita. Ban faɗa ba. Na ji kunyar a ce magatakarda ya yi kuskuren rana, na kuma raya a raina cewa in ba ni a wurin babu wanda zai iya rubuta abin da aka tattauna daidai. Sannan na yi lissafin da da yawanmu muke yi ba mu faɗa: bare in ka saɓa masa zai riƙe ka, naka kuwa zai yi maka uzuri. Daren Alhamis na tura mata sidi 2,000 ta MoMo, na kira ta na jera mata dalilai. Ta saurara har na gama, ta ce, "To." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Da safiyar Juma'a wayata ta yi ƙara. Sidi 2,020 ne suka shigo, wato kuɗina da ƙarin na cirewa, don kada in yi asarar ko kwabo. Bayansu sai ga saƙon murya ta wayar jikanta: "A gaya wa Malam na gode, Allah Ya ƙara buɗi. Amma ni ban goyi sidi ba, mutum na goya. In mutumin bai sami sarari ba, kuɗin ma su huta."

Ba zan ɓoye muku ba, fushi na fara yi. Na ce ashe Yaya ba ta san nauyin da ke kaina ba, ta ɗauka wasa nake a Kumasi. Ranar Asabar aka yi zaman sulhun, bai kai awa biyu ba ya watse, saboda ɗaya daga cikin magadan ya ƙi shigowa zaure, aka ɗaga zuwa bayan sallah. Abin da na rubuta a ranar bai cika rabin shafi ba. Da dare yara suka nuna mini hoton bidiyon walimar a WhatsApp. Na ga yarinyar cikin farin mayafi, muryarta tana rawa, wani dattijon malami maƙwabcinsu yana biya mata. Sai idona ya sauka kan abin da yake zaune a kai. Buzun Baba ne, na gane shi da ƙunar da ke gefensa, wadda fitilar kwai ta yi masa ina yaro. Tun rasuwar Baba yana cikin akwatin Yaya, ba ta taɓa shimfiɗa wa kowa shi ba. Ni ta fito wa da shi. Na miƙa wa yaran wayarsu na shiga ɗaki.

Duk da haka girman kai bai bar ni na kira ta ba. Azumi ya zo ya wuce, ƙaramar sallah ta wuce, babba ta wuce, gaisuwarmu ta koma ta bakin yara. Wata huɗu ina zuwa sunan 'ya'yan mutane, ina tashi a taro ina yi wa ango da amarya nasiha a kan riƙon zumunci.

Ashe uwargidana ta kai maganar cikin gidan Maigida. Wata Alhamis na zauna zan karanta hidimomin mako, sai ya ɗaga hannu ya ce in koma farkon shekara in karanto masa duka. Na yi ta karantawa, shafi bayan shafi, har makogwarona ya bushe. Da na kai ƙarshe ya ce, "Malam, a cikin gidajen nan da ka lissafa, nawa ne na zuriyar mahaifinka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin gida ba na rubuta shi a nan."

Ya ce, "To a ina kake rubuta shi?"

Na yi shiru. Ya ce, "Ka san giginya? Doguwa ce, kyakkyawa, kowa yana hango ta daga nesa. Amma wanda ya zauna a gindinta rana ce take dukansa, inuwarta can take faɗawa wajen na nesa. Ni na ɗauke ka aiki, ban saye ka daga hannun 'yan uwanka ba. Ranar da aka kai ka Tafo, kafin mutane su gama wanke ƙafa na sami mai riƙe mini biro. Yayarka kuwa ƙane ɗaya Allah Ya ba ta." Ya karɓi littafin ya tura ƙarƙashin matashin da yake jingine da shi, ya ce ba ni da aiki a zaurensa sai na kawo masa gaisuwarta daga bakinta.

Washegari bayan sallar asuba na shiga mota. Da gangan na zaɓi hanyar Yeji maimakon in zagaya ta Tamale. Daga Kumasi aka hau dutsen Mampong, aka gangara Ejura garin masara, aka wuce Atebubu da tulin doyarta a bakin hanya, har Yeji a gaɓar tafkin Bolta, inda ake jiran jirgin fito zuwa Makango, daga can kuma mota ta ƙarasa da mutum Salaga. Wannan ita ce tsohuwar hanyar goro. Ta nan goron ƙasar Tonawa yake hawa zuwa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, inda ayarin fatake daga Kano da Katsina da Barno suke sauke kanwa da tufafi da fatu, su ɗaure huhun goro su juya, tafiyar watanni a ƙasa. Kakan mahaifina yana cikin waɗanda suka zo da ayari suka zauna. Da yaƙin basasar Salaga ya tashi a 1892 kasuwa ta watse, mutane suka bazu, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete Karachi inda Alhaji Umaru ya ƙare rayuwarsa a 1934. Namu suka yi ta gangarawa kudu har suka dire Kumasi.

Ina zaune a gaɓa ina jiran jirgi, ruwan damina yana yayyafi, sai na riƙa tunanin yadda aka gina zongo. Asalin kalmar masaukin ayari ce. Mutanen da suka kafa ta sun baro dangi a nisan watanni, don haka suka mai da maƙwabci ɗan uwa, maigida ya zama uba ga baƙon da bai taɓa gani ba, wanda ya mutu ba shi da kowa jama'a ta yi masa sutura. Wannan abin alfaharinmu ne, kuma shi ya riƙe mu a tsakiyar ƙabilun da suka fi mu yawa. Sai dai a cikinsa akwai tarko ga irina. Hidimar jama'a a bainar jama'a ake yin ta, ana ganinka, maroƙi yana ambaton sunanka, ana ba ka wuri a sahun gaba. Hidimar gida kuwa babu mai tafa maka. Zuciya tana da wayo, takan zaɓi alherin da ake gani ta sa masa sunan sadaukarwa.

A gaɓar nan kuma na tuna Baba, Allah Ya jiƙansa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Dokar ta ratsa gidajen zongo da yawa ta raba su biyu, har da mutanen da a nan aka yanke musu cibiya. A gidanmu Baba ya tsaya, ƙanensa ya kwashi iyalinsa ya bi motocin da suka nufi gabas, ya sauka a Agege cikin Ikko, inda Hausawa masu harkar goro suka daɗe da zama. A 1981, ina ɗan shekara goma, aka aiko cewa Baffa zai aurar da 'yarsa ta fari. Lokacin kasuwa ta mutu, ko sabulu sai an yi layi. Abokan Baba suka ba shi shawara ya ba wani ɗan kasuwa gudunmawarsa ya kai, ya huta da wahalar hanya. Ya ce musu, "In na aika, wa zai dubo mini ko ƙanena ya rame?" Ya sayar da rigarsa ta sallah, ya riƙe hannuna, muka bi ta Ankara babban birninmu, muka ƙetare iyaka uku: Aflao zuwa Lome, Togo zuwa Binin, sannan daga Kwatano zuwa Seme. Ban tuna abincin bikin ba, ban tuna fuskar amarya ba. Abin da ya zauna mini shi ne dattawa biyu masu furfura rungume da juna a ƙofar gida suna kuka, mutane sun ja baya sun ba su wuri. Wannan ce haɗuwarsu ta ƙarshe a duniya.

Ni ɗan wannan mutumin ne, ga kwalta, ga jirgin fito mai inji, tafiyar yini ɗaya ta gagare ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba jahilci ya kai ni ba. Na karanta, na kuma karantar, cewa a farkon Suratun Nisa'i an gwama tsoron Allah da kiyaye zumunta a aya ɗaya. Na san hadisin da Buhari da Muslim suka fitar wanda ya sanya sada zumunci cikin sabubban yalwar arziki da albarkar kwana. Na san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, lokacin da Salman ya tarar ɗan uwansa ya shagala da azumi da tsayuwar dare har iyalinsa sun rasa rabonsu, ya tunatar da shi cewa iyali ma suna da haƙƙi a kansa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya gaskata Salman. In ibadar nafila ba ta zama hujjar tauye na gida ba, ina ga rubuta bayanin taro?

Na isa Salaga ana kiran magariba. Na yi sallama a ƙofar gida, jikoki suka rugo. Yaya tana zaune a bakin ɗakinta, ta ɗago kai ta dubi wajen da nake, ta ce, "Wane ne?" Sai da na sake magana ta ce, "A'a, Malam ne? Sannu da zuwa, Malam. A shimfiɗa wa baƙo tabarma." Tun da nake ba ta taɓa kirana Malam a fuskata ba sai da zolaya, tana da sunan da take kirana da shi tun ina goye. Aka kai ni ɗakin baƙi, aka kawo mini tuwo a kwanukan da ake ajiyewa don surukai. Ta tambayi lafiyar Maigida, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya, duk cikin ladabin da ake yi wa wanda ba a saba da shi ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da safe na ga abin da waya ta ɓoye mini. Yaya tana lalube kafin ta sami butarta. Jikanyarta ce take zare mata tsakuwa daga shinkafa, ita take gaya mata ko nawa ne takardar kuɗin da ke hannunta. Na matsa kusa na dubi idanunta, na ga fari ya rufe ƙwayar na dama, ya fara cin na hagu. Yana ce. Fiye da shekara biyu abin yana tafiya, muna waya kusan kowane mako, kullum amsarta lafiya lau, ni kuma ban taɓa zuwa na dubo ko ta rame ba.

A dare na biyu, bayan yara sun kwanta, na je na durƙusa a bakin tabarmarta na ce, "Yaya, na yi laifi, ba ni da hujja. Ki yafe mini don Allah."

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ka san abin da ya sa na nace kai za ka biya mata? Na san ba zan ga allon ba, ba zan ga fuskarta sosai ba. Na ce to bari in ji. In ji muryar da na saya da kuɗin koko tana biya wa mai sunan Inna karatu a kan buzun Baba, in ce aikina ya kammala. Abin da na nema ke nan, ban nemi ya wuce minti goma ba." Ta gyara zama ta ce, "Yafewa na yafe tun ranar, don ba na son in kwana da kai a zuciya. Amma ranar ta wuce, ba ka da inda za ka samo mini ita."

Gaskiya ta faɗa. Ana rama sallah, ana rama azumi, ana biyan bashi ko bayan shekaru, amma yarinya sau ɗaya take zama gaban allon saukarta. Na yi kwana biyar a Salaga. Kafin in taho na shawo kanta ta yarda a kai ta Tamale a duba idon, bayan wata biyu na koma na raka ta aka yi mata aiki. Na dama ya buɗe sarai, na hagu ya ɗan samu. Ranar da aka cire mata auduga ta dube ni tsaf ta ce ashe haka na tsufa ban gaya mata ba.

Kada wanda ke nesa ya karanta wannan ya ji na ɗora masa laifi. Muna da 'ya'ya da ƙanne a Amurka da Italiya da Jamus da ƙasashen Larabawa, wasu takardunsu ba su ba su damar fita su dawo ba, wasu kuɗin jirgi ya fi ƙarfin albashinsu na watanni. Sun rasa jana'izar iyaye suna kallo ta waya suna kuka su kaɗai a ɗaki. Kuɗin da suke turowa su suke riƙe da gidaje da yawa a zongo, Allah kuma Ya san uzurin kowa. Maganata tana kan irina, waɗanda ke da ƙafa da lafiya da kuɗin mota, suka mai da MoMo fansar jikinsu. Kuɗi suna sayen shinkafa su biya masu rumfa, amma ba sa zama a tabarma, ba sa kuma lura cewa idon tsohuwa ya yi fari.

Akwai kuma laifin da ke wuyanmu masu gayya. A shekarun da na yi ina zaga hidimomi na ga 'yan uwa na jini da suka ƙi zuwa biki ba don ƙiyayya ba, sai don ba su da kuɗin yayi, ga gudunmawa da za a kira da lasifika kowa yana ji. Mace takan gwammace a ce ba ta da zumunci da a gan ta cikin tsohon zane a tsakiyar masu kaya iri ɗaya. In muna son danginmu su zo, sai mu sauƙaƙa musu zuwan. Wanda ya gayyaci 'yar uwarsa ya gaya mata da bakinsa cewa ita yake so, ta zo da abin da ke jikinta, in da hali ma ya haɗa mata da kuɗin mota a asirce.

Da na koma Kumasi na isar wa Maigida gaisuwar Yaya, ya ciro littafin ya miƙo mini. Tun daga ranar na sauya abu biyu. Na farko, duk farkon wata, kafin in rubuta hidimar kowa, sai na kira gidajenmu na tambayi abin da ke tafe, in rubuta da jan biro: awon cikin 'yata, ranar da ɗan ƙanen uwargida zai gama koyon ɗinki, komawar Yaya asibiti. Har da ranakun da babu hidimar komai, na rubuta Salaga kawai, domin na gane ziyarar da ba ta da dalili ita ce take nuna maka halin da mutum yake ciki. Shafin da jan biro ya riga ya hau, ba na ba da shi. Na biyu, na ɗauki wani saurayi cikin ɗalibaina ina koya masa aikin. Ya fi ni saurin rubutu, ya kuma iya kwamfuta. Zaman sulhun gadon nan ma a hannunsa aka kammala shi, ina Tamale wajen Yaya, babu abin da ya ɓace.

Bara mai sunan Inna ta haihu, namiji. Ana saura kwana uku suna na isa. Na tarar gida ya cika, mata suna ta daka, ba wanda ya shimfiɗa mini tabarmar baƙo. Ina cikin cire takalmi sai na ji muryar Yaya daga madafa, ta kira ni da sunan nan na yarinta, a gaban surukai da jikoki, ta ce in daina tsayuwa kamar hakimi in je kasuwa in dubo ragon da aka yi ciniki, kada a kawo mata mai ƙaho ɗaya. Yara suka fashe da dariya jin sunan. Na mai da takalmina na fita, ina share ido da hannun riga. Ranar suna da asuba ta aiko jikanta da buzun Baba, a kai na zauna na yi wa yaron addu'a.

'Yan uwa, magabata sun ce zumunci a ƙafa yake. Kowannenmu yana da wani da ya goya shi, ko ya biya masa kuɗin makaranta, ko ya ba shi jarin farko, wanda yau ba ya neman komai a wurinsa sai ya gan shi zaune a gefensa ranar da ta dame shi. Irin waɗannan ba sa yawan roƙo, kuma su ne muka fi saurin ɗaga wa rana saboda mun tabbata za su yi haƙuri. Wanda yake da irin wannan mutum a raye, ya duba littafinsa a daren nan ya ga ko sunansa yana ciki.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da na nesa cikin aminci, Ya sa inuwarmu ta fara sauka a kan na gindinmu kafin ta kai ga na nesa. Wanda ya karanta ya sa Yayata a addu'a.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.